Lissafi bai san mace ba, bai san namiji ba

A wannan wata ina so mu yi shawara bisa wata magana da ta shafi kowane gida: karatun ɗiyanmu mata, musamman karatun lissafi da kimiyya.

Abin da ya faru a makarantarmu

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jahar Maraɗi. Ina da aji biyu. Mata suna zuwa bayan azahar, in sun ƙare daka. Maza suna zuwa bayan isha'i.

Wata rana na ba ajin mata wannan tambaya: buhun hatsi yana cin tiya 40. In ana saida tiya dala 120, nawa ne kuɗin buhu? Ban gama rubutawa bisa allo ba, sai wata dattijuwa daga baya ta ce: "Malam, jika 24 ne." Na ce: "Inna, ƙaƙa kika yi?" Ta ce: "Tiya 10 jika 6 ke nan. Jika 6 sau 4 fa?" Ba ta taɓa alli ba.

Da dare na ba maza tambayar nan. Suka duƙufa bisa allunansu. Wasu suka samu, mutum uku suka ɓata. Da na gaya masu abin da dattijuwar ta yi, sai wani magidanci ya ce: "Malam, ai wannan lissafin kasuwa ne. Mace ta iya ƙidayar kuɗin ƙuli-ƙuli. Amma lissafin takarda, irin na injiniyoyi, kan mace ba ya ɗaukar shi." Aka yi dariya, aka watse.

Ni dai ban yi dariya ba, don maganar ta tuna mini da wani abu na gidanmu. Zan ba ku labarinsa a gaba. Bari mu fara da tushe.

Mi ake nufi da kimiyya?

Kimiyya ita ce neman sanin dalilin abu ta hanyar dubawa, da awo, da gwaji. Domi tsutsa take cin zangarniyar hatsi? Domi ruwan wata rijiya yake da kanwa? Mai kimiyya ba ya cewa "haka muka tarar". Sai ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, ya sake gwadawa.

Fasaha kuwa ita ce a ɗauki sanin nan a yi kayan aiki da shi, kamar salula, ko farantan sola masu ɗaukar hasken rana. Injiniya shi ne mai tsara gada, da hanya, da fanfon ruwa, da injin niƙa. Lissafi shi ne uwarsu duka. Wanda bai iya lissafi ba, ba ya shiga ko ɗaya cikinsu.

To, mu duba cikin gidajenmu. Wa yake haɗa ruwan toka da mai ya fitar da sabulu? Wa ya san kwana nawa ake rufe ƴaƴan yakuwa kafin su zama daudawa? Wa yake jefa kanwa cikin wake don ya nuna da wuri? Wa yake matse gujiya ya raba mai da tunkuza? Wa yake ajiye irin wake cikin toka don ƙwari kada su ɓata shi? Mata ne. Duk wannan awo ne da gwaji. In toka ta yi yawa, sabulu ya ci hannu. In ta yi kaɗan, ba ya kamawa.

Ga kuma asusu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna bashi, suna lissafin riba, suna rabawa in lokaci ya yi. Da yawansu ba su san baƙi ba, amma kuɗi ba ya ɓacewa. Dubarar ta yi kyau har ta bazu cikin ƙasashe masu yawa na Afirka. Kan da ya ɗauki wannan lissafi, ƙaƙa za a ce ba ya ɗaukar na takarda?

Abin da ƙidaya ta nuna

Duk da haka, in an je wurin da ake aikin kimiyya, mata kaɗan ne. Ba a Nijar kaɗai ba, ko'ina cikin duniya haka ne. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce cikin masu binciken kimiyya 3 na duniya, 1 ce kaɗai mace. Cikin mutum 100 da suke ƙare jami'a a fannin kimiyya, da fasaha, da aikin injiniya, da lissafi, mata wajen 35 ne. Saboda haka ne a 2015 Majalisar ta keɓe ranar 11 ga watan Fabrairu ta kowace shekara don tunawa da mata da ƴan mata cikin kimiyya.

Mu a karkara ba mu bukatar takarda kafin mu gane. Ku tuna da waɗanda suka zo gina fanfon garinku. Ku tuna da mai gyaransa in ya lalace, da malamin gona, da mai yi ma bisashe allura, da mai awon filaye. Mata nawa kuka gani cikinsu? Alhali mata su ne rabin jama'ar ƙasa.

Ina ɗiya mata suke ɓacewa?

Hanyar karatu tsani ce mai hawa uku. Lakwal ta farko shekara 6. Kwaleji shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar birbe. Lise shekara 3, a ƙarshenta a yi bak. Shekara 13 ke nan kafin a kai ƙofar jami'a. Yarinyar da ta shiga da shekara 7, ko ba ta maimaita aji ba, sai ta kai shekara 20.

A ajin farko za ka ga ƴan mata da yawa. A kowane hawa sai su riƙa raguwa. Ga dalilan da na gani da idona.

Na ɗaya, aikin gida. Yarinya ta tashi da asuba ta je rijiya, ta yi daka, ta goyi ƙane. Da maraice ta ɗauki talla. Ɗan uwanta namiji yana da lokacin duba littafi, ita ba ta da shi. Lissafi kuwa kamar ginin rumbu ne: in ƙasa ba ta zauna ba, sama ba ta tsayawa. Yarinyar da ta rasa darasin rabawa bana, baɗi duk abin da mushe ya faɗa duhu ne gare ta.

Na biyu, nisa. Ƙauyuka da yawa suna da lakwal amma ba su da kwaleji. Lise kuwa sai babban gari. Uba yana iya tura ɗansa ya zauna gidan wani, amma yana jin tsoron tura ɗiyarsa.

Na uku, aure. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata matasa 100, an yi ma 76 aure kafin su cika shekara 18, 28 kuma kafin su cika 15. A jahohin Maraɗi da Damagaram abin ya fi haka. Ku haɗa wannan da lissafin tsanin da muka yi. Yarinya mai shekara 15 tana tsakiyar kwaleji. Ba ta ko hango lise ba.

Na huɗu, magana. Irin wadda magidancin nan ya yi. Yarinya tana jin ta a gida, tana jin ta a hanya, wani lokaci har cikin aji. Ranar da ta kai lise, ana raba ɗalibai: fannin A na harsuna da adabi, fannin C na lissafi, fannin D na ilimin halitta. Sai a ce mata: "Ke mace ce, C wahala ce, ɗauki mai sauƙi." In an daɗe ana gaya ma mutum ba ya iyawa, sai ya yarda tun bai gwada ba.

Na biyar, rashin abin koyi. Yarinyar ƙauye ta ga mace ungozoma, ta ga mace tana koyar da ƙananan yara. Amma ba ta taɓa ganin mace tana koyar da lissafi a kwaleji ba, balle tana awon rijiya. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙwaɗayinsa.

Labarin ƙanwata

Ina da ƙanwa, na girme ta da shekara biyu. Aka sa mu lakwal, tana bayana da aji ɗaya. Ba na jin kunyar faɗi: ita take yi mini aikin lissafi da dare, kusa da fitilar ƙwai. Ni na tsaya a aji shida. Ita kuwa ta yi ta ɗaya a ajinsu, aka ba ta wuri a kwaleji.

Kwalejin tana wani gari mai nisa. Mushensu ya zo gidanmu har sau biyu yana roƙon mahaifinmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, kuma yana son ɗiyarsa. Ya ce ba shi da kowa a garin nan da zai ba amana. Ya ce kuma in ta tafi, wa zai kama ma uwarta aiki? Ba a yi shekara biyu ba aka ɗaura mata aure.

Ranar da za a kai ta, ta miƙo mini littafinta na lissafi ta ce: "Yaya, riƙe wannan, ni na ƙare da shi." Har yau yana cikin akwatina. Ni ma ina da laifi, don lokacin ban buɗe baki na ce komi ba.

Yanzu tana da ɗiya shida. Ita take riƙe da lissafin asusun matan garinsu. Auren nata lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma duk ranar da fanfon garinsu ya lalace, aka yi kwana ashirin ana jiran mai gyara daga birni, sai in ce a raina: wataƙila injiniyar garin nan ga ta can bakin rijiya tana jan guga.

Waɗanda suka haye

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga matan da aka bari suka gwada.

Faji Maina ɗiyar Damagaram ce. An haife ta a 1991, shekara ɗaya da ƙanwata. Kowa ya san wahalar ruwa ta Damagaram, ita ma cikinta ta tashi. Ta ci bak tana da shekara 16. Ta yi karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko, sannan a Faransa, inda ta samu digirin dokta a 2016 kan ilimin ruwa. A 2020 ta fara aiki da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Ita ce mai kimiyya ta farko daga Nijar da ta shiga wurin. Ta yi amfani da lissafi da hotunan tauraron ɗan adam don gane inda ruwa yake tafiya, a bisa ƙasa da ƙarƙashinta.

Buli Ali Jallo malamar ilimin halitta ce. Ta riƙe ministar ilimi ta ƙasa, kuma a 1999 aka ba ta shugabancin jami'ar Yamai. Wannan jami'a tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana da aka haifa a Tasawa a 1929. Mace ta shugabanci malamai maza masu yawa, jami'a ba ta rushe ba.

Mutanen jahar Tawa sun san Dandaji. A 2018 aka ƙare ginin sabon masallacin garin, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Mata biyu suka tsara aikin: Mariam Isufu Kamara ta Nijar, da abokiyar aikinta ƴar ƙasar Iran. Mariam ta fara da karatun kwamfuta, daga baya ta koyi tsara gini. Da tubalin ƙasar wurin aka yi ginin, tare da magina na yankin. Gani ya kori ji: wanda ya bi ta can ya tsaya ya duba.

Na ƙarshe, ku tuna da ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a gidan likita cikin damina. Tushen maganin nan wata mace ce ta gano shi, Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ta bi tsoffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, ta yi ta gwada itatuwa, har a 1972 ita da abokan aikinta suka fitar da maganin daga wani tsiro dangin tazargade. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel, babbar kyautar kimiyya ta duniya. Magidancin da ya ce kan mace ba ya ɗauka, ɗansa ya sha maganin nan ya tashi.

Mi ya shafe mu, mu mutanen karkara?

Wani zai ce: waɗannan ɗiyan birni ne, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai.

Awaki da tumaki da kaji, yawancinsu na mata ne. Jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, a hannun mata take. Amma in likitan dabbobi ya zo, da maza yake magana a ƙofar gida. Mai akuyar tana ciki, ita ce ta san ranar da ta daina cin abinci, ba a tambaye ta ba. Da likitar mace ce, da har turke za ta shiga.

Mata suna noma gamanarsu, suna shuka wake, da gujiya, da kuɓewa, da yakuwa. In an kawo sabon iri daga Tarna, inda ma'aikatan INRAN suke bincike, sau da yawa labarin a bakin maza yake tsayawa. Malamar gona za ta kai shi cikin gida.

Matanmu nawa ne suke ɓoye ciwo don kunyar likita namiji? Mu ne muke cewa muna son mace ta duba matanmu. To, daga ina za ta fito, in kowa ya cire ɗiyarsa daga aji shida? Ba a shuka ƙaiƙayi a girbe hatsi.

Makarantun kuma sun matso kusa da mu. Da jami'ar gwamnati ɗaya ce, a Yamai. Tun 2010 akwai jami'a a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. A Maraɗi akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa. A Kwallo akwai makarantar koyon aikin raya karkara. A Yamai akwai makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Ba ɗaya cikinsu da ta rubuta a ƙofarta cewa ban da mata.

Tsoron uwaye gaskiya ne

Ba zan ce uban da yake jin tsoro ba shi da hujja ba. Mun ga yarinyar da aka kai gidan mariƙi ta zama ƴar aiki. Mun ga wadda ta kwana da yunwa. Mun ga wadda aka yaudara. Kuɗin littafi da tufafi ma nauyi ne ga talaka. Amma in ɓera ya shiga rumbu, ba a ƙone rumbun. Ramin ake toshewa.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare ɗiya mace mai karatu da tallafa mata. An kuma gina gidajen kwana na ƴan mata kusa da wasu kwalejoji, kamar na Kelle cikin ƙasar Gure. Sai dai doka tana Yamai, yarinya tana gidanmu. Ga abin da yake hannunmu:

1. A rage ma yarinya ƴar lakwal aiki. Ɗiya maza su ma su ɗebo ruwa, su yi itace. A ba ta fitila da sa'a ɗaya kowane dare.

2. Uba ya riƙa duba makinta na lissafi, ya je ya ga mushe. Mu da muka koyi karatu yanzu muna iya dubawa da kanmu. Wannan yana cikin amfanin yaƙi da jahilci.

3. In kwaleji tana nesa, uwayen gari su haɗa kai. Su nemi dattijuwa mai amana a can, ƴan mata su zauna wurinta tare, kowane gida ya kai tiyarsa ta hatsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Ƙungiyoyin asusu su ware wani abu don littattafan ƴan matan da suka wuce kwaleji.

5. In manemi ya fito, a gaya masa gaskiya: tana karatu. Mai so na ƙwarai zai jira.

6. Mu kiyaye bakinmu. Kada a sake ce ma yarinya lissafi ba na mata ba ne.

Ni ma bana jarrabawar ta zo kaina. Babbar ɗiyata tana aji shida, kuma hannun gwaggonta ta ɗauko wajen lissafi. Kwaleji tana da nisan kilomita 12 daga garinmu. Mahaifiyata ta ce: "Kai dai ka san yarinyar nan ta fara girma." Na ce: "Inna, na sani. Ki bar ni in gwada." Na je wurin ƙanwata neman shawara. Ba ta bar ni na gama ba ta ce: "Yaya, ko akuyata zan saida, yarinyar nan sai ta tafi." Mun riga mun yi magana da wata ƴar uwarmu da take aure a garin kwalejin, da uwayen ƴan mata uku. Littafin nan da yake cikin akwatina, na fiddo shi na ba ɗiyata.

Ban sani ba ko za ta zama injiniya. Wannan na Allah ne. Abin da yake nawa shi ne kada in rufe mata ƙofa.

Ƴan uwa, ku karanta wannan a makarantunku na yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku ƙidaya: a garinku ƴan mata nawa suka shiga lakwal, nawa suka kai kwaleji, nawa suka kai lise? Ku rubuto ma jaridarku abin da kuka samu da shawarar da kuka yanke. Allah ya yi ma ɗiyanmu albarka, maza da mata. Amin.